Yadda ake warware lissafin yiwuwa idan an gindaya sharaɗi

Ɗauki ƙwayar ludo, mai fuska shida ɗin nan, ka jefa ta ƙarƙashin tebur inda idonka ba ya kaiwa. In na tambaye ka yiwuwar a ce shida ce ta fito, za ka ce ɗaya bisa shida, kuma ka yi daidai. To sai na sunkuya na leƙa, na ce maka lambar da ta fito tana rabuwa biyu ba saura. Yanzu fa? 1 da 3 da 5 sun fita daga lissafi. Saura 2 da 4 da 6, kuma shida guda ce a cikinsu. Amsa ta koma ɗaya bisa uku.

Ƙwayar tana nan inda ta faɗi, ba wanda ya taɓa ta. Saninka ne ya ƙaru, shi ya sa taron da kake ƙirgawa a cikinsa ya ragu daga shida zuwa uku. Duk tambayar da za a yi maka a wannan babi, komai tsawonta da tarin lambobinta, aikin ke nan: an ba ka labari, labarin ya kore wasu daga cikin taro, sai ka sake ƙirga a cikin waɗanda suka rage.

A littattafai ana rubuta shi haka: P(A|B) = P(A da B) ÷ P(B). Harafin P yana nufin yiwuwa, layin nan na tsaye kuma ana karanta shi "idan an san cewa". A misalinmu A ita ce fitowar shida, B kuwa fitowar lamba mai rabuwa biyu. P(A da B) ɗaya bisa shida ce, P(B) uku bisa shida, in ka raba sai ka sami ɗaya bisa uku, yadda muka samu tun farko da ƙirgen yatsa. Ni dai ba na so ɗalibi ya fara da wannan ƙa'ida. Yawancin waɗanda na ga suna faɗuwa a nan sun haddace ta tsaf, ko cikin barci ka tashe su za su karanto maka. Inda suke tuntuɓe shi ne gane wanne ne A, wanne ne B.

Nemo sharaɗin kafin ka taɓa kowace lamba

Karanta tambayar sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin abin da aka riga aka tabbatar maka ya faru. Yakan zo da kalmomi irin su "idan har", "da yake an san", "an duba sai aka tarar", ko "daga cikin waɗanda". Abin da ka ja wa layi shi ne B, kuma yawansa ne zai zauna a ƙasan layin rabawa. Abin da ake tambayarka shi ne A.

Ga misali. Ɗalibai 200 sun rubuta jarrabawa. 120 daga cikinsu sun halarci darasin bita, 80 ba su halarta ba. Cikin waɗanda suka halarta, 90 sun ci, 30 sun faɗi. Cikin waɗanda ba su halarta ba, 40 sun ci, 40 sun faɗi. Kafin ka karanta abin da ake nema ma, zana jadawali mai layi biyu da ginshiƙi biyu, ka zuba lambobin nan huɗu, sannan ka tara kowane layi da kowane ginshiƙi a gefe. Za ka ga waɗanda suka ci 130 ne, waɗanda suka faɗi 70.

Yanzu an zaɓo ɗalibi guda da ka, ba tare da duba ba. Tambayoyi uku na iya fitowa daga nan, kuma a kunne kusan iri ɗaya suke. Mece ce yiwuwar ya halarci bita kuma ya ci? Ba a ba ka wani labari ba, don haka duk 200 ɗin suna nan: 90 bisa 200, wato 0.45. Idan an san ya halarci bita, mece ce yiwuwar ya ci? Taro ya koma 120: 90 bisa 120, wato 0.75. Idan an san ya ci, mece ce yiwuwar ya halarci bita? Taro ya koma 130: 90 bisa 130, wato 9 bisa 13, kusan 0.69.

Dubi yadda 90 ta zauna a sama sau uku ba ta motsa ba. Lambar ƙasa ce kaɗai ke canzawa, kuma a nan maki yake. Tambaya ta biyu da ta uku su ne ake yawan musanyawa, domin kalmominsu ɗaya ne, jeri kawai ya bambanta. Kama da wane ba wane ba ne. Kusan duk matuƙin jirgin sama ya iya karatu da rubutu, amma in ka tara duk waɗanda suka iya karatu da rubutu a duniya, matuƙa jirgi a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. P(A|B) daban, P(B|A) daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu na iya zama mai girman gaske.

Idan ana ciro abu ba a mayarwa

Jaka tana da ƙwallaye takwas, biyar jajaye, uku shuɗaye. Ka zura hannu ka ciro ɗaya, ka ajiye a gefe, ka sake ciro wani. Irin wannan tambaya jadawali ba ya yi mata daɗi, zanen rassa ya fi. Daga tushe ka fitar da rassa biyu: ja, 5 bisa 8, shuɗi, 3 bisa 8. Daga kan reshen ja ka sake fitar da biyu. Yanzu ƙwallaye bakwai suka rage, huɗu jajaye, uku shuɗaye, sai ka rubuta 4 bisa 7 da 3 bisa 7. Daga kan reshen shuɗi kuma biyar jajaye ne da biyu shuɗaye, sai ka rubuta 5 bisa 7 da 2 bisa 7.

Lambobin da ke kan rassa na biyu duk masu sharaɗi ne, ko da ba a faɗa maka ba. 4 bisa 7 ɗin nan ita ce yiwuwar na biyu ya zama ja idan an san na farko ja ne. In kana bin reshe daga tushe zuwa ƙarshe, ninkawa ake yi. Ja sannan ja: 5/8 × 4/7 = 20/56. Ja sannan shuɗi: 5/8 × 3/7 = 15/56. Shuɗi sannan ja: 3/8 × 5/7 = 15/56. Shuɗi sannan shuɗi: 3/8 × 2/7 = 6/56. Tara su: 20 da 15 da 15 da 6 sun ba da 56. In ba su cika ba, tsaya ka nemo kuskuren kafin ka ci gaba. Kuma kada ka yi gaggawar rage 20/56 ta koma 5/14. Bar su duka bisa 56 har sai an gama, domin za ka buƙaci tara su.

Ga tambayar da ke kawo gardama a aji. An rufe ƙwallo na farko ba ka gani ba, an nuna maka na biyu, ja ne. Mece ce yiwuwar na farko ja ne? Sharaɗi shi ne na biyu ja. Rassa biyu ne kaɗai suka ƙare da ja: mai 20 da mai 15, jimla 35. A cikinsu, wanda ya fara da ja shi ne mai 20. Amsa 20 bisa 35, wato 4 bisa 7.

Kullum sai an sami wanda zai ɗaga hannu ya ce: malam, ai lokacin da aka ciro na farko ba a ciro na biyu ba, yaya abin da ya zo daga baya zai taɓa abin da ya riga ya wuce? Tambaya ce mai kyau, kuma ya fi wanda ya yi shiru ya kwafa. Ba taɓa shi ya yi ba, labari ya ba ka a kansa. Ka ɗauka ƙwallaye biyu ne kacal a jakar, ja ɗaya, shuɗi ɗaya. An ɓoye na farko, an nuna maka na biyu ja ne. Akwai sauran shakka cewa na farko shuɗi ne? Duk lokacin da amsa ta yi maka bambaraƙwai, ka rage lambobin tambayar zuwa mafi ƙanƙanta ka gani ko hankalinka zai kwanta.

Juya tambaya daga sakamako zuwa sanadi

Abin da muka yi yanzu, wato ganin ƙarshe mu koma mu tambayi farko, shi ne ake danganta wa Thomas Bayes, wani limamin coci a Ingila da ya rasu a 1761. Bai buga aikin da ransa ba. Abokinsa Richard Price ne ya tsinto shi a cikin takardunsa, ya gabatar da shi a 1763. Pierre-Simon Laplace na Faransa ya kai ga irin wannan tunani da kansa a 1774, kuma shi ne ya faɗaɗa shi sosai. Ƙa'idar a rubuce ita ce: P(A|B) = P(B|A) × P(A) ÷ P(B). Ka san ta, domin za ka gamu da ita. Amma hanyar da nake bi wajen warwarewa daban ce: na ƙirƙiri taro mai lamba cikakkiya, 1,000 ko 100,000, na raba shi gida-gida, na ƙirga.

Ga tambayar da ta yi suna. Wata cuta tana kama mutum ɗaya cikin 1,000. Akwai gwajin da ke gano ta. Mu ɗauka duk mai cutar in an gwada shi gwajin zai nuna. Amma cikin masu lafiya, kashi 5 cikin 100 gwajin yakan yi musu ƙarya ya ce suna da ita. An ɗauko mutum da ka, ba don ya nuna wata alama ba, aka gwada shi, gwaji ya ce yana da cutar. Mece ce yiwuwar da gaske yana da ita?

A 1978 an buga sakamakon wani ɗan bincike inda aka yi wa likitoci da ɗaliban likitanci 60 na asibitocin koyarwa na Harvard kusan wannan tambaya. Kusan rabinsu suka ce kashi 95 cikin 100. Mutum 11 ne kawai suka ba da amsar da ta dace. Bari mu ƙirga.

Tara mutum 100,000. Masu cutar 100 ne, masu lafiya 99,900. Gwaji zai nuna duk 100 ɗin. Cikin masu lafiya kuma zai yi wa kashi 5 cikin 100 ƙarya, wato mutum 4,995. Waɗanda gwaji ya ce suna da cuta ke nan 5,095. Mutuminmu yana cikin waɗannan, sauran duk sun fita daga lissafi. Masu cutar gaske a cikinsu 100 ne. 100 bisa 5,095 bai ma cika kashi 2 cikin 100 ba.

Kashi 95 da waɗancan suka faɗa amsar wata tambaya ce daban: idan mutum lafiyarsa ƙalau, mece ce yiwuwar gwaji ya wanke shi? Sun amsa tambayar da ba a yi musu ba, sun kuma manta da ƙarancin cutar tun asali. Masu lafiya sun yi yawan da ɗan kuskuren da gwajin ke yi a kansu ya rinjayi duk masu cutar gaba ɗaya, har kusan ninki hamsin.

Kada wannan ya sa ka ce gwajin banza ne. Kafin a gwada mutumin, yiwuwarsa ɗaya ce cikin 1,000. Bayan gwaji ta koma kusan ɗaya cikin 51, ta ninka kusan sau ashirin. A sake yi wa mutum 5,095 ɗin nan wani gwaji mai irin wannan inganci, wanda kuskurensa ba ya da alaƙa da na farko: 100 za su sake fitowa, cikin 4,995 kuma kusan 250. Yanzu 100 bisa 350 ne, kusan kashi 29 cikin 100. Amsar zagaye na farko ita ta zama mafarin zagaye na biyu. Sannan ka canza taron da aka ɗauko mutumin. A ce cikin masu zuwa asibiti da alamun cutar, ɗaya cikin 10 ne ke da ita. A 100,000, masu cuta 10,000 ne, waɗanda za a yi wa ƙarya 4,500. 10,000 bisa 14,500 ya kai kusan kashi 69 cikin 100. Gwaji ɗaya, sakamako ɗaya, amma ma'anarsa ta dogara da inda aka tsamo wanda aka gwada.

Gerd Gigerenzer da Ulrich Hoffrage sun nuna a 1995 cewa mutane sun fi samun irin wannan tambaya daidai idan an ba su ita da ƙirgen mutane maimakon kashi-kashi cikin ɗari. Abin da nake gani a aji ke nan.

A jarrabawa tambayar takan zo da rigar masana'anta. Injuna uku suna yin ƙwan fitila: na farko yana yin kashi 50 cikin 100 na kayan, na biyu 30, na uku 20. Lalatattu a kayan na farko kashi 2 ne cikin 100, na biyu 3, na uku 5. An ɗauko ƙwai guda aka tarar lalatacce ne, mece ce yiwuwar daga inji na uku ya fito? Ɗauki ƙwai 1,000. Na farko ya yi 500, lalatattu 10. Na biyu ya yi 300, lalatattu 9. Na uku ya yi 200, lalatattu 10. Lalatattu duka 29, na inji na uku 10. Amsa 10 bisa 29. Minti biyu bai kamata ta ci maka ba. In mai duba takarda yana son ganin ƙa'ida, rubuta ta daga baya: 0.010 ÷ 0.029. Lambobin nan dai ne, an raba kowace da dubu.

Kada ka ninka sai ka tabbatar ba ruwan wani da wani

Wani lokaci labarin da aka ba ka ba ya canza komai. Kwalin karta yana da ganye 52, sarakuna huɗu, don haka yiwuwar ciro sarki 1 ce bisa 13. An ce maka ganyen da ka ciro ja ne. Jajaye 26 ne, sarakuna biyu a ciki, 2 bisa 26, wato 1 bisa 13 dai. Tunda P(A|B) ta yi daidai da P(A), abubuwan biyu ba ruwan ɗaya da ɗaya. A irin wannan hali kaɗai aka yarda ka ce P(A da B) = P(A) × P(B).

Ɗalibai sukan rikita wannan da abubuwan da ba sa haɗuwa, kamar ganye ya zama ja kuma baƙi. Waɗannan ai su ne suka fi kowa ruwa da juna: da zarar an ce maka ja ne, yiwuwar baƙi ta faɗi daga rabi zuwa sifili.

Ninkawa babu bincike ta taɓa kai mutum kurkuku. A 1999 wata kotu a Ingila ta sami Sally Clark da laifin kashe 'ya'yanta biyu, waɗanda suka rasu suna jarirai, ɗaya a 1996, ɗaya a 1998. Wani ƙwararren likitan yara da ya ba da shaida ya ce yiwuwar jariri ya mutu farat ɗaya ba sanadi sananne a gida irin nata ɗaya ce cikin 8,543. Aka ninka lambar da kanta aka sami kusan ɗaya cikin miliyan 73. Kuskure biyu ne a nan, kuma duka na babinmu ne. Na ɗaya, 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya suna tarayya a gado na jini da muhalli, don haka ba a da hujjar ɗauka cewa mutuwar na farko ba ta ba da labarin komai a kan na biyu ba. Abin da ake buƙata shi ne yiwuwar mutuwa ta biyu idan an san ta farko ta faru. Na biyu, ko da lambar daidai ce, tana magana ne a kan yiwuwar mutuwa biyu idan uwa ba ta da laifi. Abin da ke gaban kotu kuwa shi ne yiwuwar uwa ba ta da laifi idan an san mutuwa biyu sun faru. Don amsa wannan sai an gwada da ɗaya bayanin, wato uwa ta kashe jariranta biyu, wanda shi ma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta soki wannan lissafi a 2001. An soke hukuncin a 2003, bayan da ta bayyana cewa akwai sakamakon gwajin ƙwayoyin cuta na yaro na biyu da ba a gabatar wa kotu ba.

Ta wace hanya labarin ya iso gare ka?

Wannan ne wurin da ko gwanaye ke zamewa. Martin Gardner ya kawo wata tambaya a 1959: mutum yana da 'ya'ya biyu, aƙalla ɗaya namiji ne, mece ce yiwuwar duka biyun maza ne? Mu ɗauka haihuwar namiji da ta mace daidai suke. Jera su babba sannan ƙarami: namiji da namiji, namiji da mace, mace da namiji, mace da mace. Sharaɗi ya kore na ƙarshe. Saura uku, ɗaya ne maza biyu. Amsa 1 bisa 3. In kuwa aka ce babban ne namiji, biyu suka rage, amsa rabi.

Amma 1 bisa 3 ɗin nan tana da sharaɗi a ƙarƙashinta. Tana tsayawa ne idan ka tambayi mahaifin, "Kana da ɗa namiji ko ɗaya?" ya ce e. Idan kuwa haɗuwa ka yi da shi yana tafe da ɗaya daga cikin 'ya'yan, wanda ya faɗo da ka, ka ga namiji ne, amsa rabi ce. Ƙirga ka gani. Gidaje 400, ɗari a kowane rukuni. Masu maza biyu, duk 100 da namiji za ka gan su. Masu namiji da mace 200 ne, a rabinsu za ka ga namijin, wato 100. Masu mata biyu, babu. Ka ga namiji sau 200, a 100 daga ciki ɗayan ma namiji ne. Gardner da kansa ya yarda daga baya cewa tambayar tana ɗaukar fassara biyu. In ka gamu da ita a jarrabawa ba ƙarin bayani, 1 bisa 3 ake nema, amma ka rubuta abin da ka ɗauka a sarari.

Haka tambayar ƙofofi uku take, wadda aka sa wa sunan Monty Hall, mai gabatar da wani shirin talabijin a Amurka. Steve Selvin ya rubuta ta a 1975, ta kuma yi tashe a 1990 lokacin da Marilyn vos Savant ta amsa ta a mujallar Parade, dubban masu karatu suka rubuto suna cewa ta yi kuskure, har da masu digirin digirgir. Ita ce da gaskiya. Mota tana bayan ƙofa ɗaya, awaki a bayan biyu. Ka zaɓi ƙofa ta 1. Mai gabatarwa, wanda ya san inda motar take kuma dole ya buɗe ƙofa mai akuya cikin biyun da ba ka zaɓa ba, ya buɗe ta 3. Ka tsaya ko ka koma ta 2?

Buga wasan sau 300 a takarda. Sau 100 mota tana ƙofa ta 1: yana da zaɓi, sai ya buɗe ta 3 sau 50, ta 2 sau 50. Sau 100 tana ta 2: ba shi da zaɓi, ta 3 zai buɗe duk 100. Sau 100 tana ta 3: ba zai buɗe ta ba ko sau ɗaya. Ya buɗe ta 3 ke nan sau 150, kuma a 100 daga ciki mota tana ƙofa ta 2. Komawa tana ci sau biyu cikin uku, kamar yadda vos Savant ta faɗa.

Yanzu canza abu guda. Mai gabatarwa bai san komai ba, da ka ya buɗe ta 3, aka yi dace akuya ce. A kowane rukuni na 100 zai buɗe ta 3 sau 50. Hamsin ɗin da mota take ta 3 sun fita, tunda akuya muka gani. Saura 50 da 50. Rabi da rabi, tsayawa da komawa duk ɗaya. Abin da idonka ya gani bai bambanta ba, ƙofa ta 3 a buɗe da akuya a ciki, amma amsar ta canza. Saboda haka in za ka rubuta B, kada ka tsaya ga "akuya tana bayan ta 3". Rubuta "mai gabatarwa, da dokar da yake bi, ya buɗe ta 3".

Duba amsarka

Amsa ba ta wuce 1, ba ta gaza 0. In ka sami 1.3, mai yiwuwa ka raba da abin da bai kamata ba. P(A|B) ba ta taɓa gaza P(A da B), domin lambar sama ɗaya ce, ta ƙasa ce ta ragu. A cikin sharaɗi guda, abu da kishiyarsa dole su cika 1: cikin masu bita, 0.75 sun ci, 0.25 sun faɗi. Amma in sharaɗin ne ka canza, babu wannan doka. Yiwuwar ci ga mai bita 0.75 ce, ga wanda bai yi ba 0.5, jimlarsu 1.25, kuma ba laifi a ciki, domin taro biyu ne daban. In kuma P(B) sifili ce, ƙa'idar ba ta aiki, ba a rabawa da sifili.

Gwada wannan da kanka kafin ka karanta sakin layi na ƙarshe. Joseph Bertrand ne ya kawo ta a 1889. Akwatuna uku ne, kowanne da tsaba biyu: ɗaya zinari biyu, ɗaya azurfa biyu, ɗaya zinari da azurfa. Ka ɗauki akwati da ka, ka zura hannu ba ka duba ba, ka ciro tsaba guda, ta fito zinari. Mece ce yiwuwar wadda ta rage a akwatin ita ma zinari ce?

Yawancin mutane sukan ce rabi, wai akwatin azurfa ya fita, saura biyu. Yi wasan sau 600. Kowane akwati zai faɗo sau 200. Mai zinari biyu zai ba ka zinari duk 200. Mai gauraye zai ba ka zinari sau 100, azurfa sau 100. Mai azurfa biyu ba zai ba ka zinari ba sam. Ka ciro zinari sau 300, kuma a 200 daga ciki hannunka yana cikin akwatin zinari biyu ne. Amsa 2 bisa 3.